Kwana 21 a wani asibitin Ayurveda a Kerala: abin da ya yi wa ekzimata, da abin da ya gagare shi

Tun ina aji uku a firamare nake fama da cutar fatar da likitoci ke kira ekzima, wadda kakata take ce wa kirci, kuma yau shekaruna 43. Inda ta fi kama ni shi ne lanƙwasar gwiwar hannu, da bayan gwiwar ƙafa, da gefen wuya, da bayan hannuwa. A waɗannan wurare fatar ta yi kauri ta yi baƙi saboda susar shekara da shekaru, kuma da zarar hunturu ya kankama sai ta tsattsage ta riƙa tsattsafo da ruwa, har alwalar asuba ta zama kamar zuba barkono a miki. Ya kamata in bambance wani abu tun da wuri, domin yawancin mutanenmu idan sun ce ekzima kyasbi suke nufi, wato tabban da ke fitowa a fuska da ƙirji da gadon baya, waɗanda wata ƙwayar cuta dangin funfuna ke haddasawa, kuma maganin shafawa yana kashe su cikin 'yan makonni. Tawa ba ita ba ce. Tawa ta gado ce, 'yar uwar asma, ba a ɗaukarta ta hanyar musabaha ko tawul, kuma asalinta fata ce da ba ta iya riƙe danshi tare da garkuwar jiki mai saurin harzuƙa.

Abin da ya kai ni Indiya gajiya ce da man shafawa mai sitiroyid, musamman irin mai haɗi uku da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, wanda na yi shekaru ina shafawa ba ƙa'ida har fatar wuyana ta yi siriri jijiyoyi suka bayyana. Ƙanena yana karatun harhaɗa magunguna a kudancin Indiya, shi ne ya yi mini bincike, kuma tun kafin in biya kuɗin jirgi ya gaya mini gaskiya. Ya ce, "Yaya, ka zo idan sauƙi kake nema, amma kada ka sa rai za ka koma gida da sabuwar fata." Jihar Kerala ita ce cibiyar Ayurveda, wato maganin gargajiyar Indiya, a ƙasar, a can ne shahararren gidan maganin nan na Kottakkal yake, wanda P. S. Varier ya kafa tun 1902. Ni dai ba can na je ba. Na kwanta ne a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a wani ƙauye cikin gundumar Thrissur, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a mota daga filin jirgin Kochi, kuma zan bar sunansa saboda akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, ga shi kuma irinsa suna da yawa a yankin da tsari kusan iri ɗaya. Abin da muka tabbatar kafin tafiya shi ne likitocinsa suna da digirin likitancin Ayurveda da ake kira BAMS, wanda ake yi cikin shekara biyar da rabi, kuma asibitin yana da shaidar hukumar NABH mai tantance asibitoci. Duk wanda zai tashi daga Najeriya kada ya manta da katin rigakafin shawara, domin ana tambayarsa a filin jirgi.

Ganawar farko ita ce abin da ya fi burge ni a duk zaman. Likitar, wata mata mai kimanin shekara 50, ta ɗauki fiye da awa guda a kaina. Ta riƙe wuyan hannuna da yatsu uku tana sauraron bugun jijiya, ta duba harshe da farce da idanu, sannan ta shiga tambayoyin da ba a taɓa yi mini ba a kan ciwon fata: ƙarfe nawa nake kwanciya, ko ina barcin rana bayan cin abinci, sau nawa nake zagayawa, wane abinci ne ke sa ni susa da dare, ko ƙaiƙayin yana ƙaruwa idan raina ya ɓaci. Ta sa aka ɗebi jinina don gwajin hanta da ƙoda da suga da kitse kafin a ba ni ko da cokali ɗaya na magani. Na nuna mata kwalin man da nake shafawa, ta karanta, ta ce kada in kuskura in daina lokaci guda, sai dai a riƙa ragewa sannu a hankali cikin makonni biyu, domin fatar da ta saba da sitiroyid mai ƙarfi tana yin bore idan aka yanke mata shi farat ɗaya. Wannan magana ita ta sa na saki jiki da ita, don na sha jin labarin masu maganin gargajiya da ke fara aiki da umartar majinyaci ya zubar da maganin asibiti.

Akwai wata kalma da ta faɗa da ta tayar mini da hankali. Ta ce ciwona yana cikin "kushtha", ni kuwa kunnena kuturta ya ji, kuma ba a banza ba, domin a harshen Hindi na yau kalmar kuturtar take nufi. Sai ta bayyana mini cewa a tsofaffin littattafansu na Sanskrit, irin su Charaka Samhita, kalmar ta ƙunshi cututtukan fata iri 18, manya 7 da ƙanana 11, kuma a cikin ƙananan akwai wadda suke kira vicharchika, wadda aka siffanta da ƙaiƙayi da ƙuraje da duhun fata da yawan tsattsafar ruwa. Ita ce suke daidaitawa da ekzima. A fahimtarsu jiki yana tafiya ne a kan sinadarai uku, vata da pitta da kapha, waɗanda za a iya kusanta su da iska da zafi da majina, kuma cuta tana zuwa ne idan ɗaya ya rinjayi sauran ya ɓata jini da fata. Cikin abubuwan da littafin ya lissafa a matsayin masu jawo cutar fata akwai yawan gishiri da tsami, da riɗi, da mazarƙwaila, da nono mai tsami, da sabuwar hatsi, da barcin rana, sannan da haɗa kifi da madara. Da ta ambaci wannan na ƙarshe sai na tuna Inna, wadda har yau ba ta yarda a sha fura da nono a gidanta ranar da aka yi miyar kifi. Ban karɓi bayanin sinadaran uku a matsayin yadda jiki yake aiki a zahiri ba, domin binciken zamani ya riga ya nuna abin da ke faruwa a fatar irinmu. A 2006 masana a jami'ar Dundee ta Sikotilan suka gano cewa naƙasa a ƙwayar halittar da ke samar da sinadarin filagirin, wanda ke ɗinke saman fata, tana da babban hannu a cutar. Amma na lura tsohon bayanin yana tilasta wa likita ya dubi barci da abinci da damuwa, kuma waɗannan duk suna taɓa ekzima ko da wane suna aka kira su.

Jigon maganin shi ne wankin ciki, ɗaya daga cikin ayyuka biyar da suke kira panchakarma, kuma share fagensa ya fi shi kansa wahala. Kwana biyar a jere, da ƙarfe shida na safe, ma'aikacin jinya yana shigowa da ƙaramin kofin ƙarfe mai ɗumi, a cikinsa akwai narkakken man shanu da aka dafa da itatuwa masu ɗaci, wanda suke kira mahatiktaka. Launinsa kore-kore ne mai duhu, warinsa kuma tun daga bakin ƙofa yake isowa. Ranar farko mililita 30 ne, ana ƙarawa kullum har ya kai 150 a rana ta biyar. Yakan ce in toshe hanci in shanye a tashi ɗaya, sannan ya miƙo mini ruwan zafi da aka dafa da busasshiyar citta, wanda shi zan riƙa kurɓa har sai yunwa ta gaske ta zo, wani lokaci sai bayan la'asar, sannan a kawo kunun shinkafa tsararo ba gishiri. A rana ta uku da ta huɗu ƙaiƙayin ya ƙaru sosai, zuciyata tana tashi, kaina ya yi nauyi, har na yi tunanin tattara kayana. Bayan haka aka yi kwana uku ana shafe ni da mai, aka rage mini turaren tururi saboda gumi yana tayar mini da ciwon, sannan ranar ta tara aka ba ni wani haɗi mai kauri na saiwar trivrit, wani tsiro mai sa gudawa. Na zagaya sau 14 kafin azahar, ana ƙirgawa ana rubutawa, ana auna hawan jinina bayan kowane awa biyu, kuma a zaune na yi sallar ranar. An ɗauki wasu kwana huɗu ana dawo mini da abinci daki-daki, daga ruwan kunu zuwa kunu mai kauri zuwa shinkafa da romon wake. Wannan aiki ba wasa ba ne, kuma ban ga yadda zai dace da ƙaramin yaro ba, ko mai juna biyu, ko tsoho mai rauni, ko mai ciwon ƙoda ko zuciya. Wanda ya sayi garin wankin ciki a intanet ya ce zai yi shi kaɗai a ɗaki yana jefa kansa cikin hatsari.

Sashen da fatata ta fi amsawa shi ne na waje, wanda ya cika mako na uku. Ana kwantar da ni a kan wani dogon teburin katako mai kwari a gefe, maza biyu suna kwarara mini tsala mai sanyi a jiki na kusan minti 45, tsalar da aka haɗa da dafaffen 'ya'yan wani itace mai tsami da suke kira amla da saiwar wata ciyawa dangin aya da kajiji. Maza ne ke yi wa maza, mata kuma mata. An ba ni wani ɗan ƙyalle in ɗaura, na ce ba zai rufe mini al'aura ba, suka yarda in sa gajeren wandona mai kaiwa gwiwa ba tare da wata gardama ba. Bayan an gama ba a yarda in taɓa sabulu ba; da garin koren wake ake wanke man, da ruwa mai ɗumi-ɗumi jawur da aka dafa da sassaƙen itatuwa huɗu dangin ɓaure da cediya da gamji. Ba a goge jiki, dannawa ake yi da tawul, kuma tun jikin yana da laima ake shafa man kwakwa da aka dafa da magunguna. A wuraren da suka tsage kuwa ana sa wani farin mai mai laushi kamar kirim, wanda man shanu ne da aka wanke da ruwa sau 100 a cikin faranti har ya rasa warinsa ya yi sanyi. Daren da aka fara sa mini shi a bayan hannu shi ne dare na farko cikin watanni da na yi barci har asuba ban farka da jini a farce ba.

Ba duk abin da aka shafa mini ne ya karɓe ni ba. A harabar asibitin akwai itatuwan darbejiya, ita ce dai tamu ta bakin titi, wadda asalinta daga can ne aka kawo mana a zamanin Turawa, kuma suna ji da ita ƙwarai a maganin fata. An kwaɓa ganyenta da gangamau aka shafa mini a ƙafa, cikin minti goma wurin ya ɗauki raɗaɗi ya kumbura, aka wanke aka soke shi daga tsarina. Da an fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri da ban yi kwana biyu ina jinyar ƙafar ba. An kuma yi mini tayin ɗora matsattsaku a kan wani tabo mai kauri a idon sawu don su tsotse jinin wurin, abin da ya yi kama da ƙahon wanzamanmu, na ce a bar shi, kuma ba wanda ya matsa mini.

Babban ƙorafina a kan magungunan sha ne, kuma shi ne abin da nake so kowane Musulmi ya sani kafin ya je. A mako na biyu aka ƙara mini wani ruwan magani baƙi mai zaƙi-zaƙi da ake kira khadirarishta, ana sha bayan abinci. Na sha kwana biyu, sai ƙanena ya kawo ziyara ya ɗauki kwalbar ya karanta, ya ce, "Yaya, wannan akwai barasa a ciki." Duk maganin da sunansa ya ƙare da arishta ko asava tsimi ne da ake rufewa a tulu ya yi makonni har barasa ta samu a cikinsa da kanta, kuma takan kai kashi 5 zuwa 12 cikin 100. Sun san ni Musulmi ne, su suka nuna mini alƙibla ranar da na iso, kuma a jihar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanenta Musulmi ne ba ni ne na farko da suka gani ba, amma ba wanda ya ga ya dace ya gaya mini. Da na yi magana likitar ta ba da haƙuri ta musanya shi da kashayam, wato dafaffen ruwan itatuwa, mai ɗacin gaske amma ba barasa. Daga nan na nemi a rubuta mini abin da ke cikin kowane magani, domin wasu haɗe-haɗen Ayurveda ana sa musu fitsarin saniya, wasu ƙwayoyin kuma na reshen da suke kira rasa shastra ana haɗa su da zaiba da sauran ƙarafa da gangan. Wannan ba jita-jita ba ce. A 2004 wani bincike da Dakta Robert Saper ya jagoranta a Boston ta Amurka ya sami dalma ko zaiba ko arsenik a cikin 14 daga magungunan Ayurveda 70 da aka sayo a shaguna, wato ɗaya cikin biyar, kuma wani binciken nasa na 2008 a kan waɗanda ake sayarwa a intanet ya sami kusan wannan adadi. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Na ce a cire mini duk wata ƙwaya mai ƙarfe, aka cire. Ko itatuwan ma sai da lura, domin a 2021 likitoci a Mumbai sun ba da rahoton mutanen da hantarsu ta taɓu bayan shan wani tsiro da ake kira guduchi, wanda ke cikin magungunan fata da yawa, ko da yake ma'aikatar Ayush ta gwamnatin Indiya, mai kula da magungunan gargajiya, ta musanta alaƙar.

Abinci ba nama ba kifi ba ƙwai, don haka batun halal bai taso ba. Jar shinkafar Kerala ce da koren wake da kabewa da wani ɗan itace mai ɗaci dangin garafuni, gishiri kaɗan, ba yaji ba tsami. Mai tsabta ne kuma yana zuwa a kan lokaci, sai dai wanda ya saba da yajin tsire zai sha fama. Ɗakin yana da tsabta, ana canza zanin gado kullum saboda mai, kuma a mako na ƙarshe an bar ni na je Juma'a a masallacin ƙauyen. Ta fuskar kuɗi kuwa ban ji daɗi ba. Farashin baƙo ya fi na ɗan ƙasa, wannan na sani tun farko, amma takardar da aka aiko mini ba ta nuna cewa magunguna da gwaje-gwaje lissafinsu daban ba ne, sai ga jimillar ƙarshe ta haura da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Haka kuma ma'aikacin ofishin da muka yi ta waya da shi ya sha nanata cewa za a tumɓuke cutar daga tushe, alhali likitarsu da bakinta ba ta taɓa yi mini wannan alkawari ba. Bai kamata ofishi ya sayar da abin da ɗakin likita ba zai iya bayarwa ba.

Ranar da aka sallame ni tsagar hannuwana ta rufe, kaurin bayan gwiwa ya yi laushi, ina barci, kuma na yi kwana bakwai ban shafa sitiroyid ba. Baƙin tabon dai yana nan. Adalci ne in faɗi cewa yanayi yana da nasa kason a wannan sauƙi, domin a watan Agusta na je, tsakiyar daminarsu, lokacin da su kansu suke ɗauka shi ne mafi dacewa da jinya, iska cike da laima, ba ƙura, ba aiki, ba hayaniyar kasuwa, ga mutum biyu suna shafa mini mai safe da yamma. Fatar mai ekzima za ta yi godiya a irin wannan hali ko ba a sha man shanu mai ɗaci ba. Gwajin gaskiya ya zo ne a Kano cikin Disamba. Ciwon ya dawo a hannu da wuya, amma a kiyasina bai wuce rabin ƙarfinsa na shekarun baya ba, kuma kwana goma na man da likitan fata ya rubuta mini sun kwantar da shi, maimakon wata uku da nakan yi ina fama. Bibiyar da asibitin ya yi alkawari ta WhatsApp ta yi rauni, saƙo yakan kwana huɗu ko biyar ba amsa, magungunan da na taho da su kuma suka ƙare cikin wata uku.

Abin da ya zauna tare da ni, kuma nake ganin shi ne ya rage ƙarfin ciwon, tarbiyyar da aka ɗora ni a kai ce. Na daina wanka da ruwa mai zafi da soso, na daina sabulu mai ƙamshi, ina shafa mai cikin minti uku bayan wanka da bayan alwalar asuba da ta isha'i, ina yanke farce, ina sa kayan auduga, ina kwanciya kafin ƙarfe goma. Da man Kerala ya ƙare na koma man kwakwa tsantsa, ina ɗora man kaɗanya a kansa idan iska ta bushe. Man kwakwar yana da hujja a bayansa: a wani gwaji da aka buga a 2014 daga Filifin, wanda aka yi wa yara 117 na tsawon mako takwas, ma'aunin tsananin ekzima ya ragu da kashi 68 cikin 100 a waɗanda aka shafa wa shi, a kan kashi 38 a waɗanda aka shafa wa man ma'adini. Duk waɗannan abubuwa ana samunsu a kasuwar Kurmi ba sai an hau jirgi ba, sai dai ni sai da aka tsare ni kwana 21 ana yi mini su a kan ƙa'ida sannan suka zama mini ɗabi'a.

Zan iya ba da shawarar irin wannan asibiti ga baligi mai ƙoshin lafiya da ekzimarsa ta daɗe ta yi kauri, wanda kuɗin ba zai girgiza gidansa ba ko kuma wata hidima ta riga ta kai shi Indiya, bisa sharaɗin ya nemi cikakken lissafi a rubuce, ya tambayi abin da ke cikin kowace kwalba, ya ƙi arishta da ƙwayoyi masu ƙarfe, kuma ya yi gwajin hanta da ƙoda kafin da bayan jinya. Ba zan ba da ita ga iyayen jariri ba, ko wanda fatarsa ke fitar da mugunya ko ɓawon ruwan ɗorawa tare da zazzaɓi, domin wannan alamar ƙwayoyin cuta sun shiga ne, kuma asibitin zamani yake buƙata a ranar. Wanda zai sayar da fili ko ya ci bashi don wannan tafiya, gara ya kai kuɗin wajen likitan fata a gida. Nawa gwajin hantar na bayan dawowa ya fito lafiya, na kai wa likitan fatana takardun Kerala duka ya karanta, ya ce in ci gaba da man kwakwa da na kaɗanya, in dawo ya duba ni a farkon Nuwamba kafin iska ta juya.